Maganar da Mikron Kalangu Ya Tsinta

Ɗakin nan na bayan shago da kuka taso kuka tarar ana jibge buhunan albasa a ciki, ba don albasa na gina shi ba. Ku ɗaga kai ku dubi silin, har yanzu akwai sauran kwalayen ƙwai da na manna da hannuna don su sha ƙara. Situdiyo ne, kuma a zamaninsa duk mai biki ko suna a unguwar nan tamu ta Sankilo a Bangi, in yana son waƙa mai sunansa a ciki, ƙofata yake ƙwanƙwasawa. Na san abin da kuke ji game da rufe shi, don ba kurame ba ne ku. A gidan Baffanku Hamisu cewa ake ni na haɗa murya a kwamfuta, na sa wa yayana maganar da bai faɗa ba, na wargaza auren Gwaggonku Hajara. A wurin masu shayi kuma cewa ake maganar gaskiya ce, amma ni ɗan gulma ne mai ɗana wa mutane tarko da na'ura. Ba wadda ta bar ni da mutunci a cikin biyun. To na gaji da ganin kuna sunkuyar da kai in an taɓo zancen. Ba haƙuri zan ba kowa ba, don ban ga laifin da na yi ba. Ku dai ji daga bakina yadda aka yi.

Aikin nan a unguwar Miskine na koye shi, wurin wani dattijo Kirista, Papa Gaston, mai ɗaukar waƙoƙin 'yan coci. Lokacin nan ba wani shamaki tsakaninmu da su, ka taka da ƙafa ka je ka wuni ka dawo. Shi ya fara nuna min babban ciwon kan mai ɗaukar sauti, abin da ni nake kira yoyo. Ka kafa wa mawaƙi mikronsa, ka kafa wa mai kalangu nasa, 'yan amshi ma da nasu. Amma mikro ba shi da wayo, bai san ubangidansa ba. Na kalangu zai kwaso muryar mawaƙi, na mawaƙi ya kwaso kalangu, na 'yan amshi ya kwaso kowa har da tarin wanda ya shigo kallo. In ka zo haɗawa ka ce bari ka ɗaga kalangu, sai muryar mawaƙi ta biyo shi a dusashe kamar daga cikin randa, waƙa ta dagule. Masu manyan situdiyo raba mutane suke yi, kowa da ɗakinsa da kaske, wato abin sauraro, a kunne. To je ka ce wa makaɗin Hausa ya shiga ɗaki shi kaɗai ya toshe kunnuwansa ka ji amsar da zai ba ka. Sai yana ganin bakin mawaƙi da ƙafar ɗan amshi, in ba haka ba hannunsa ba ya tashi. Ni ma ɗin ɗaki ɗaya gare ni, kuma in mutum bakwai suka shiga sai gwiwa ta taɓa gwiwa.

Maganin yoyo wata 'yar dabara ce a cikin kwamfuta da masu sana'a ke kira get, ni dai ƙofa nake ce mata don aikinta ke nan. Kowane mikro ka sa masa tasa, ka yanka mata iyaka. Sautin da ya kai ƙarfin iyakar nan ya tura ya shige, wanda bai kai ba ya tsaya a waje. Da sanda ta sauka kan fatar ganga ƙofa ta buɗe, da sautin ya mutu ta rufe, muryoyin da suka yoyo a tsakani ba mai jin su. Ganga ba ta da wuya, da ido ma kana yanka mata iyaka, kana kallon zanen sauti a allon kwamfuta. Kalangu ne fitinanne. Bayan an doke shi makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, sautin ya lanƙwasa ya ja wutsiya a hankali, kuma a wutsiyar nan maganar kalangu take. In ƙofa ta yi saurin rufewa ka datse masa harshe, in ta yi nawa yoyo ya shigo. Dole ne ka kashe sauran mikro duka, ka sa kaske, ka ɗaga na kalangu shi kaɗai har ƙarshe, ka kasa kunne ga abin da ke tsakanin wannan duka da wancan. A nan ake jin abin da ba a so a ji. Na ji mawaƙi yana tsine wa mutumin da ya gama wasawa, na ji ɗan amshi yana ba da labarin gidansa. Dokar Papa Gaston guda ce, da Sango, yaren garin nan, yake faɗa, kanga yanga ti mo, wato ka rufe bakinka, abin da mikro ya tsinta ba naka ba ne. Shekara da shekaru ina riƙe da dokar nan, ko uwarku Zulai ban taɓa kai wa komai ba, ita da take iya tatsar magana a jikin dutse.

Shekarar da nake ba ku labari, gari ya fara lafawa bayan tashin hankalin da ya ci mijin Hajara. Tana zaune a gidan surukanta can bayan masallacin Koudoukou da 'ya'yanta biyu, Nuhu da Saude, tana ɗinki. Dangin mijin sun faɗa mata tun ranar da ta gama takaba, ba su ɓoye ba: muddin tana zaune, ɗaki nata ne, yara nata ne, amma ranar da ta yi aure yaran na dangin uba ne, baffansu da ke Njamena zai zo ya kwashe su. Zama ne na haƙuri, ana auna mata gishiri ana ƙirga mata baƙi, amma tana kwana da 'ya'yanta.

Sai ga Alhaji Laminu ya sauka daga Maraɗi da kwantenar kayan sola, ya kama shago a titin Koudoukou daura da na Yaya Hamisu. Mutum ne mai fara'a, mai babbar riga, gaisuwarsa ta fi ta kowa tsawo. Ba a jima ba ya ga Hajara ta kawo wa Yaya ɗinki, ba a jima ba ya aiko. Alkawarin da ya yi shi ne ya zo Bangi ke nan, zai sayi fili ya gina gida, da ya zauna da gindinsa zai je Njamena da kansa ya roƙo yaran a dawo mata da su. A kan wannan alkawari kaɗai ta yarda. In ya zauna ta samu miji da 'ya'ya, in ya tafi ta rasa miji da 'ya'ya da ɗakin da take ciki.

Ni kuwa tun ranar farko mutumin nan bai kwanta min ba. Kakanmu da ya zo garin nan da kanwa da goro, abin da ya fara saya turmi ne, don ya san ya zo zama. Alhaji Laminu a tabarma yake kwana a bayan shago, ko katifa bai saya ba. Hayar shagon wata-wata yake biya, mai shagon ya yi masa tayin shekara da rangwame ya ƙi. Ko bara ala, gaisuwar Sango da jinjiri ya iya a Bangi, bai damu ya koya ba. Waya biyu gare shi, ɗaya yana amsa ta a gabanka, ɗayar in ta yi ƙara sai ya miƙe ya bi layin masu canji yana magana ƙasa-ƙasa. Na lissafa wa Yaya waɗannan abubuwa ya ce ina da baƙar zuciya. Na lissafa wa Inna, mahaifiyarmu, ta ce baƙo ma ɗan wani ne. Uwarku kuwa dariya ta yi min, ta ce ni ko inuwata ta biyo ni sai na waiwaya na tambaye ta wa ya aiko ta, ta ƙara da cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Na bar zancen, amma ban daina kallonsa ba.

Da aka sa rana, Alhaji ya ce yana son waƙar biki wadda za a sa a lasifika ranar kamu a kuma rarraba a waya. Makaɗan nan na Bangi ba su yi masa ba, wai hannunsu ya sha Sango da yawa, nasa zai kira daga Garwa. Na haɗiye wannan ma. Suka zo, mawaƙi Mamuda, da mai kalangu Tanko, da mai ganga, da 'yan amshi. Bayan azahar muka shiga, ba wuta kamar kullum, na tayar da grup, wato janareto, na ja shi can ƙarshen tsakar gida don kada ƙararsa ta shigo. Ango bai zo ba. Yaya Hamisu ne ya zo, don shi ne waliyyi kuma yana son ya ji yadda za a ambaci sunansa, ya zauna a ɗan bencin da ke gefen Tanko saboda nan kaɗai ya rage. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne Mamuda bai yi gwaji ba. Sabuwar waƙa dole a yi tuntuɓe, a tsaya, a gyara baiti, a koya wa 'yan amshi. Shi kuwa ya ɗauko ta tun daga yabon Annabi har zuwa addu'ar zuriya bai cije ko sau ɗaya ba, 'yan amshi suna cafewa tun kafin ya sauke. Na ce a raina, wannan waƙar ta taɓa shan iska a wani wuri. Amma mawaƙa sun saba da juya tsohuwar riga, ban ɗauki abin da zafi ba.

Washegari da hantsi na zauna haɗawa. Na gama da ganga, na gama da 'yan amshi, na zo kan kalangu. Na kashe komai na ɗaga shi shi kaɗai, ina bin wutsiyar sautin. Akwai wuri a tsakiyar waƙar inda Mamuda yake jero dangin amarya, kalangu ya ɗan huta, ganga kaɗai ke tafiya. Tanko a ƙasa yake zaune, mikronsa na daidai gwiwarsa, da ya sunkuya ya gyara tsarkiya bakinsa ya zo dab da shi. Tar na ji shi yana yi wa ɗan amshin da ke kusa da shi raɗa, da dariya a muryarsa:

"Karo na uku ke nan muna yi wa Alhaji waƙar nan. A Garwa Balkisu ce, a Bertuwa Rabi, yau ga Hajara. Suna kawai ake canjawa."

Ɗan amshin ya tambaye shi ko ita ma sai kaya sun ƙare. Tanko ya ce ƙwarai, da kwantena ta zama fanko sai dai ta ji sakinta ta waya. Har zuwa nan, wallahi, wani irin daɗi na ji mai ɗaci, daɗin mutumin da aka daɗe ana ce wa mahaukaci. Sai kuma wata murya ta shigo daga gefe, muryar da na sani tun kafin in san tawa:

"Kai Tanko, ba a nan ba. Na san da wannan. Ku yi kiɗanku."

Na cire kasken na ajiye. Na fita tsakar gida na sha ruwa, na dawo na sake sawa, ko Allah zai sa kunnena ne. Ba kunnena ba ne. Kuma ga ƙofar nan a gabana a allo, ɗan ja kaɗan zan yi mata sama maganar ta ɓace daga waƙar, don raɗa ba ta kai ƙarfin sanda a kan fata ba. Aikin da aka ba ni ke nan, shi na yi wa kowa shekara da shekaru. Na zauna ina zargin kowa. Ko Tanko ya san mikro na ji, ya faɗa da gangan don yana da wata a ƙasa da Alhaji? Ko wasan makaɗa ne kawai, irin wanda suke yi wa kowane ango? Amma in wasa ne, me Yaya ya sani?

Na tarar da Yaya a shago yana jera jarkokin mai. Na ja shi ciki na faɗa masa abin da na ji, kalma da kalma. Bai musa ba, wannan ku riƙe shi da kyau, a ranar nan bai musa ba. Ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Ya ce mutum yana canjawa, wataƙila Hajara ce wadda Alhaji zai zauna dominta. Ya ce ni ban san zafin ganin ƙanwarka tana tsufa a gidan da ake auna mata gishiri ba, aure ko na damina ɗaya ne ya fi zawarci, yara kuwa duk inda suke na ubansu ne. Na ce masa ko dai wakilcin kayan sola da aka ce Alhaji zai bar masa ne ya sa damina ɗaya ta ishe shi? Nan ya ajiye jarkar, idonsa ya kaɗa.

"Ba aikinka ke nan ba, Sabo, rufe ƙofa? To ka je ka rufe. In kuwa ka kai wa yarinyar nan, zan ce kai ka haɗa, kuma ba wanda zai ƙaryata ni. Duk unguwar nan an san hannunka."

A nan ya kama ni, ya kuma san ya kama ni. An san hannuna. Akwai bikin da aka manta sunan wata gwaggon amarya a waƙa, mawaƙin ya riga ya koma Kamaru, gida ya kusa kamawa da wuta. Na tsinto gaɓoɓin sunan daga wasu baitoci na jona su, aka ji mawaƙi ya kira ta raɗau. Mutane suka yi ta zuwa kallona kamar mai rufa ido, ana cewa Sabo zai iya sa bebe ya yi huɗuba. Yabon nan da na sha shi ne yau ya zama igiyar da za a ɗaure ni da ita. Gaba kura baya sayaki: in an ce ƙarya ce na zama maƙirƙiri, in an ce gaskiya ce na zama wanda ke fitar da sirrin ɗakin ɗaukar sauti. Na gaya wa uwarku, karo na farko da na karya dokar maigidana na kai magana ga wanda ba ya ɗakin. Ba ta yi dariya ba a wannan karon. Ta ce situdiyon nan shi ne tuwonmu, ta kuma ce Saude ba ta iya barci sai ta riƙe gefen zanin uwarta. Ba ta zaɓa min ba, ta bar ni da su biyun.

Na aika aka kira Hajara. Ta shigo da tef ɗin awo a wuya, tana sauri don tana da ɗinkin mutane. Da ta ga na rufe ƙofa na miƙa mata kaske sai ta ja baya, ta ce in dai wani sabon tsegumi ne a kan Alhaji ta ƙoshi, tun da aka fara maganar nan ban taɓa yi mata fatan alheri da zuciya ɗaya ba. Na ce ta saurara kawai. Ta sa, na kunna. Ina kallon fuskarta, ba abin da ya motsa. Ta ce in maimaita, na maimaita. Ta cire ta riƙe a cinya, ta dube ni irin kallon da take yi wa yadi in tana zargin an rage mata kamu.

"Yaya Sabo, kai ne fa ka sa mawaƙi ya kira sunan da bai taɓa kira ba. Ta yaya zan san wannan ba irinsa ba ne?"

Na ce bari in nuna mata. Na buɗe ƙofofin sauran mikro duka, na kai ta daidai wurin. A na 'yan amshi maganar tana nan, nesa kaɗan. A na ganga tana nan a ƙarƙashin duka. Har a na Mamuda, in ka kasa kunne a bayan muryarsa, kana jin raɗar Tanko. Na ce mata muryar da aka jona a mikro ɗaya take zama, wadda aka yi a ɗaki kuwa ko'ina take yoyo. Ta saurara duka, sannan ta tambaye ni ko mutum mai hannu irin nawa, in ya so, ba zai iya zuba ta a sauran ma ba. Na so in ce a'a. Amma gaskiya ita ce zai iya, da wahala da ɓata lokaci, kuma na faɗa mata haka. Ta gyaɗa kai ta miƙe, ta ce in gama musu waƙarsu yadda aka ce, in rufe abin da ake rufewa, kada in ƙara yi wa kowa zancen. Ta fita ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar na sayar da sana'ata a banza.

Na gama waƙar. Haushi ya sa na zauna mata fiye da kowace, kuma ban taɓa fitar da kalangu mai tsabta irin na ranar ba, kowace wutsiya ta fito, ba raɗa ko ɗaya. Na kai wa Alhaji da kaina, ya saurara yana murmushi yana sa min albarka. Ban ƙara faɗa wa kowa komai ba. Yaya ne tsoro ya hana shi zama. Da ya ji Hajara ta shiga situdiyo sai ya riga ni, ya je wurin Inna, ya je majalisar ƙofar masallaci, ya ce Sabo ya haɗa muryoyi don ya hana ƙanwarsa aure. Mutanen da ba su san an yi wata magana ba suka fara tambayar wace magana ce. Aka tare Tanko a tasha ya rantse bai faɗa ba, ya hau mota. Na ɗauki kwamfuta da kaske na kai wa Inna har ɗakinta na ce ta ji da kunnenta. Ta ture hannuna.

"Ba zan sa abin nan a kunnena ba. In na sa, dole ɗayanku ya tashi maƙaryaci, ni kuwa duk ku biyun ni na haifa."

Ana cikin haka baffan yaran ya iso daga Njamena, ana saura kwanaki kaɗan ɗaurin aure. Ya sauka gidan surukan, aka fara haɗa kayan Nuhu da Saude a jaka. Ban je ba, uwarku ce ta je, ita ta ba ni labari. Ta ce Hajara ta gaishe shi da ladabi, ta kawo masa abinci, ta bari ya ci ya wanke hannu. Sannan ta shiga ɗaki ta zazzage jakar yaran a kan gado, ta kira masu moto, 'yan babur ɗin haya, ta ɗora musu akwatunan lefe ta ce a kai shagon Alhaji Laminu. Ta ce wa baffan ya yi haƙuri da wahalar hanya, aure ta fasa, yara ba inda za su. Aka yi juyin duniya ta faɗi dalili ta ce ba ta da dalili, ra'ayi ne. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ba, balle ta wanke ni, don wanke ni yana nufin tona Yaya a gaban surukai da unguwa. Na gane hakan, amma gane abu daban, daɗinsa daban.

Alhaji Laminu ya sayar da kayansa ya tafi kafin damina ta ƙare, bai bar wa kowa wakilci ba. Ni na ce ga shi nan, abin da Tanko ya faɗa ne. Yaya ya ce kunyar da na jawo masa ce ta kore shi, da an yi auren da yana nan. Har gobe ba mai iya raba wannan gardama, kuma tun daga shekarar nan ƙafar naman layya ba ta ƙara fitowa daga gidansa zuwa namu ba. Situdiyo kuwa bai mutu rana ɗaya ba. Masu bege suka zo, sai na ga suna yi wa juna magana da hannu, babbansu ya ce in zare wayoyin mikro tukuna za su yi shawara. Wani mawaƙi ya ce sai dai in goge komai a gabansa bayan an gama. Daga nan aka koma ana tsallakawa wasu unguwanni, ana biyan kuɗin moto don a guje ni. Ban ga laifinsu ba, ni ma da ni ne su haka zan yi. Da Papa Gaston ya ji, ya tako har nan duk da ciwon ƙafarsa. Bai yi min faɗa ba, bai kuma ce na kyauta ba. Ya duba kayan ɗaya bayan ɗaya, ya sayi mikro biyu da tsada fiye da yadda na sa musu, ya sha shayi ya tafi. Daga baya zaman gidan surukai ya gagara, Hajara ta dawo nan da yaran, shi ya sa kuka taso kuna ce musu Yaya Nuhu da Yaya Saude kamar ciki ɗaya kuka fito.

Shekaru masu yawa ban tambaye ta ba, ita ma ba ta tayar ba. Sai lokacin bikin Saude, da rana tsaka, na same ta a zaure tana kan keken ɗinki tana ƙarasa rigar amarya, gida ya cika da mata. Ban san abin da ya taso min ba, na tsaya a kanta na ce, Hajara, don Allah yau dai ki faɗa min, ranar nan kin yarda da ni ko ba ki yarda ba? Ta tsayar da keken, ta ciji zare.

"Har yau ban sani ba, Yaya Sabo. Wata rana in ce kai ka haɗa, wata rana in ce ba kai ba ne. Amma da na ji muryar Yaya Hamisu yana cewa ya san da maganar, na jira in ji gabana ya faɗi, bai faɗi ba. Ko kaɗan ban yi mamaki ba. A nan na san ba zan ba da 'ya'yana a kan maganarsa ba."

Ya yi min zafi, ba zan ɓoye muku ba. Na tsaya ina jiran ta ƙara ko da kalma ɗaya ce a kaina, ba ta ƙara ba. Ta kakkaɓe rigar ta ɗaga ta a haske, ta ɗaga murya ta kira Saude ta zo a gwada, Saude kuwa ta amsa mata daga ɗakin da ke kusa.